Kafin ka saɓo jakarka zuwa Togo

Ɗana, saƙonka ya iso, innarka ma ta kira ni a kai tun ban gama saurarensa ba. Ka ce in an yi hutun jami'a kana son ka goya jaka ka zagaya Togo da ɗan guzirin da ka tara, kamar yadda kake ganin 'ya'yan Turawa na yi. Ka tambaya ko gaskiya ne Bahaushen da ya shigo zango ba ya biyan kuɗin kwana, in kuwa haka ne me ya sa na ce kada ka bar Sakkwato sai na haɗa ka da waɗanda za ka sauka hannunsu. Ta farkon gaskiya ce. Ta biyun ita ke son bayani.

Ƙasar kam ta dace da mai ƙaramin aljihu. Siririya ce: bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba, tsawonta daga Lome zuwa iyakar Burkina Faso kuwa wajen kilomita 600. Babbar hanya guda ce ta ratsa ta, ta bi Atakpame, Sokode, Kara, Mango har Dapango. Wanda ya saba da tafiyar Sakkwato zuwa Legas zai ga kamar wasa.

Amma bari ka ji yadda aka yi muka zauna nan, don daga nan ne al'adar saukar baƙo ta samo tushe. Tun kafin Bature ya zo, fatake daga Kano, Katsina da ƙasarmu ta Sakkwato ke kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Su kai kanwa, fata da tufafi, su bi ta Jugu a Benin ta yau, su ratsa arewacin Togo, su faɗa Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja a Ghana ta yau. Duk inda ayari ya saba yada zango, wani ya kan tsaya ya yi gida ya yi aure. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu, wasu Kete-Karachi, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku. A lokacin Jamus ke riƙe da Togo, tun 1884, kuma har Hausawa ta ɗauka cikin 'yan sandanta. Kakanka na wajen uwa daga baya ya zo, zamanin Faransa, da shanu.

Wanda ya tsaya ya yi gida shi ake kira maigida. Baƙo ya zo da shanu ko goro, bai san gari ba, ba ya jin yaren Mina, ba ya jin Faransanci. Maigida zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye. In bashi aka ɗauki kayan, maigida ne ke tsayawa. Mai saye ya gudu, shi zai biya. Shi kuma yana da la'adarsa a cikin ciniki. Ka ga ke nan ɗakin da ake cewa kyauta ne, ciniki ke biyansa, amana ke riƙe da shi. Shi ya sa har gobe tambayar farko da dattijo zai yi maka bayan gaisuwa ita ce ɗan wane ne kai, ta biyu kuma me ka kawo.

A nan ne za ka ɗan sha wuya. In ka ce yawon buɗe ido ka zo, za a yi shiru, wani tsoho ya gyara zama ya sake tambaya, don a ganinsa ba ka faɗi gaskiya ba tukuna. Mun san mai fatauci, mun san almajiri, mun san mai neman magani da mai ziyarar dangi, mun san wanda ya gudo daga wani abin kunya a gida. Mai kashe kuɗin mota don ya kalli dutse ya koma, wannan bai cikin lissafinmu. Ni ban ga laifin niyyarka ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai ka ce ka zo gaida kawunka, kana kuma son ka ga ƙasa. Ba ƙarya ka yi ba, kuma magana ce da kowa zai gane.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi nauyi. Tun 2022 yankin Savanes, can ƙarshen arewa, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga daga wajen Burkina. Saurayi baƙo mai ƙatuwar jaka, ba Faransanci a bakinsa, fasfonsa na nuna arewa maso yammacin Najeriya, kai ma ka san kallon da jandarma zai yi masa. In aka tsare ka, wanda ka kwana gidansa za a kira. Mu kuwa marasa rinjaye ne, Musulmin ƙasar duka ba mu kai rubu'in jama'a ba, kuma mun san yadda zama ke iya juyewa. A 1977 hukuma ta tashi tsohon zangon da ke tsakiyar Lome, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa, wajen Agowe, inda muke yanzu. Tsofaffinmu ba su manta ba. Don haka in ka ga muna taka-tsantsan da baƙon da ba a san asalinsa ba, kada ka ɗauka rowa ce ko mun bar halin gida.

In ka sauka, ga yadda abin yake. Za a shimfiɗa maka tabarma ko katifa a ɗakin samari, ba ɗakinka kai kaɗai ba. Asuba ta yi za a buga ƙofa, kuma ana lura da wanda bai fito masallaci ba. Da hantsi yaron gida zai raka ka ka gaida liman da sarkin zango, ka tuɓe takalmi ka durƙusa kamar yadda za ka yi a gaban hakimi a gida. Abinci a tire ɗaya ake ci. Kada ka ciro kuɗi ka ce na ɗaki ne, cin fuska ne. Abin da ake yi shi ne tsaraba: kilishi, daddawa, kuka, ko 'yar jakar fata irin ta dukawan Sakkwato, a miƙa wa uwargida. Ran tafiya ka damƙa wa yara wani abu. Kwana uku kai baƙo ne. Bayan nan in an yi rasuwa ka bi jana'iza, in ana sauke kaya ka sa hannu. Kuma ba a fita a dawo tsakar dare ba a faɗa wa kowa ba, wanda na san shi ne zai fi ƙona maka rai, tunda 'yancin kai ka fito nema.

Kada kuma ka yi dariyar Hausarmu. Za ka ji an ce wa mace "ya zo", ka ji Faransanci da Mina sun cakuɗe a zance ɗaya. Da yawan waɗanda za su karɓe ka ma Kotokoli ne, ko Zabarmawa, Dendawa, Fulani da Yarbawa, Hausa ce kawai ta haɗa mu a kasuwa da masallaci. Mutanen kudu duk Hausawa suke kiranmu, mu ma mun daina gyara musu.

In ka ga sharuɗɗan sun yi maka yawa, kowane gari na da ƙananan masaukai da ake kira oberj, ɗaki da fanka da bokitin wanka. Shawarata ka raba: Lome, Sokode da Bafilo ka sauka hannun mutane, sauran wurare ka biya kuɗinka ka huta.

Batun hanya. Ta kakanni, wato Kebbi zuwa arewacin Benin, Jugu, sannan Kara, ita ta fi kusa a taswira, amma da halin da dajin iyakar nan ke ciki ban yarda ka bi ta ba. Ka sauka Legas, ka bi Seme, Kwatano, ka shigo ta Aneho. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya neman biza in zamansa bai wuce kwana 90 ba, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, za a tambaya. Ka mayar da agogonka baya da awa guda. Ka zo da gidan sauro.

Kuɗinmu sefa ne, kuma a ɗaure yake da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a aljihunka za ta ƙare. Ka yi lissafi da canjin ranar da za ka taso, ba na watan jiya ba. In ka taɓa cin kasuwar Illela ka san lissafin dala, sefa biyar-biyar, to ka tambaya da kyau kafin ka ce ka saya. Canji wahala gare shi: ka miƙa wa mai koko takardar 10,000, sai ta bi layi shago-shago kai kana tsaye kokonka na hucewa. Ka farfasa manyan takardu a gidan mai, ka riƙa tara silalla.

Cikin gari kabu-kabu ake hawa, nan zemijan muke ce masa, kuma a yi ciniki kafin a hau. Tsakanin garuruwa akwai tasi na haɗaka, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ba ya tashi sai ya cika. In Kara za ka daga Lome, fiye da kilomita 400, ƙara kuɗi ka shiga babbar bas da safe. Kada ka yi tafiyar dare.

Abinci ba zai cinye maka guziri ba in ka ci na bakin hanya. Akwai ayimolu, shinkafa da wake ke nan, akwai soyayyar doya da ake kira koliko, da akume, tuwon masara, da sakwara, da wagashi, cukun Fulani. A wajen zango ka tambayi naman da ke cikin miya, don ana cin alade. Abin da ke cikin ƙwarya a kasuwannin Kara mai kama da kunu, cukutu ne, burkutu ke nan.

Wuraren gani ba zan jera maka duka ba. Palime, kimanin kilomita 120 daga Lome, can ne ɗan Sakkwato zai riƙe baki: gonakin koko da kofi, ruwa na zubowa daga kan duwatsu, ga Dutsen Agu mai tsawon mita 986, mafi tsawo a ƙasar. Tsakanin Sokode da Bafilo za ka ga inda aka tsaga dutsen Alejo hanya ta bi ta ciki. In hutunka ya faɗo Yuli, akwai kokawar Evala ta samarin Kabiye a Kara. In kuwa lokacin Maulidi ne, Sokode na bikin Adosa, da dawaki da masu wasa da wuƙa irin na 'yan tauri. Gabas da Kande akwai Kutamaku, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004: gidajen ƙasa masu bene na Batamariba, dabbobi a ƙasa, rumbuna da wurin kwana a sama, wurin yankan tsafi a bakin ƙofa. Ana biyan kuɗin shiga da na ɗan rakiya, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Daga nan ka juyo, Mango da Dapango sai na ji labarin hanya a makon.

Tsafin nan za ka gan shi a fili, har kasuwarsa guda ke akwai a Akodesewa cikin Lome. Kada ka tofar da yawu, kada ka ja wa'azi. Waɗannan mutanen maƙwabtanmu ne, da su muke ciniki, kai za ka tafi mu za mu zauna.

Teku kuma ka kalle shi daga kan yashi. Ba gulbin Rima ba ne, igiyar ruwan Lome na ja ta ƙasa, ta ci waɗanda aka haifa a bakinsa. Wannan innarka ce ta ce in ja maka kunne, na kuma yi mata alkawari.

In ka yanke ranar tasowa ka turo min hoton fasfonka da mako biyu a gaba, in kira mutumin Sokode da na Bafilo. Daddawar kuma ta gida nake so, ba ta kasuwa ba. Ka gaida mahaifinka.