Kar ka canza sujen nan ƙanena

Ƙanena da kake tambaya ko ka bar sujen memuwar ɗinka na karon leza da elektiron tunda ba mu da labo nan Yamai, wallahi tambayarka ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, nima shi na yi. Kar ka canza.

Abin da ya ɗaure maka kai, wai ba lezar da ta kai filin Schwinger, wato ƙarfin lantarkin da ke iya fitar da elektiron da positiron daga sararin da ba komai, wajen 1.3×10^18 V/m, to yaya ake samun positiron, kishiyar elektiron mai cajin positif, amsar tana wajen elektiron ɗin ne. In ya taho a guje ya yi gaba da gaba da hasken, ƙarfin da yake ji ninkuwa yake da gamma ɗinshi, wato sau nawa enerjinshi ya ninka na elektiron da ke tsaye. Gwajin E-144 a labon SLAC can Amurka elektiron na 46.6 GeV suka harba, gamma wajen 91,000, shi ya sa a 1997 suka ga positiron ɗari da ƴan kai. Elektiron ke fara fitar da foton, wato ƙwayar haske, mai ƙarfi, foton ɗin ya haɗu da na leza da yawa lokaci guda, sai elektiron da positiron su fito. Ka riƙe a0, ma'aunin ƙarfin leza, da chi, ma'aunin yadda ƙarfin da elektiron ke ji ya kusanci filin Schwinger, sosai, nan ƴan juri za su tsare ka.

Ni ranar sutunans ɗina, da na kare memuwar ɗina, wani cikin juri ko buɗe takardar bai yi ba, waya yake dannawa har na gama, sannan ya ɗago ya ce ƙasar da ake ɗauke wuta kai kana maganar leza mai ƙarfin petawat, aji ya ɗauki dariya, mahaifiyata da ta taso tun daga Tahoua tana zaune baya, ba ta jin faransanci amma ta gane ni ake wa. Ankadarar ɗina, malamin da ya duba min aikin, uffan bai ce ba, kanshi a ƙasa. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take, mutum bai karanta aikinka ba ya wulaƙanta ka gaban uwarka. Allah ya isa kawai.

Ka sauke Smilei, manhajar kwaikwayon irin wannan karon, kyauta ce, 1D mai bin layi ɗaya tana tafiya a ordinatar taka, amma ka dinga ajiye aikin a-kai-a-kai saboda wuta, kuma kar ka kunna ta da zafin rana. Ka duba gwajin lezar Gemini a Ingila da aka buga sakamakonshi a 2018, da gwajin LUXE da ake shiryawa a Hamburg. In Smilei ta ƙi shiga turo min saƙo mu duba tare.