Ya mai da dare rana: yaya ake auna agogon jikin mai raunin ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Yayana ya yi hatsarin babur, ya bugu a ka. Ya farfaɗo, amma yanzu wuni yake barci, dare kuwa idonsa biyu. An ce agogon jikinsa ne ya rikice. Shin ana iya auna wannan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya. Ana aunawa, sai dai ba da gwajin rana ɗaya ba. Agogon yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Tun da ba a iya leƙa shi, sawunsa ake bi.

Mafi sauƙi ita ce na'urar aktigiraf, mai kama da agogon hannu, wadda ke rubuta motsin mutum minti-minti na kwana 7 zuwa 14. Idan kashi 80 cikin 100 na motsin ya faɗo da rana, ana ɗauka barci da farkawa sun fara daidaita. Amma tana ruɗuwa. In aka ɗaura ta a hannun da ya shanye, za ta nuna barci alhali mutum idonsa biyu, don haka lafiyayyen hannu ake nema. Juya majinyaci duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, da karkarwar gaɓoɓi, duk motsi take lissafa su. Dole mai jinya ya riƙa rubuta lokutan juyi, wanka da ba da abinci.

Zafin jiki kuma yakan sauka ƙasa sosai kusan asuba, ya hau da yamma, tazarar ba ta cika wuce digiri 1 ba. Zazzaɓi kaɗan ya isa ya ɓata lissafin. A 2017, masu bincike a Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun manna na'urori a fatar majinyata 18 masu mummunan raunin ƙwaƙwalwa, suka ga zagayen zafin jikinsu tsakanin awa 23.5 ne zuwa 26.3. Waɗanda nasu ya fi kusa da awa 24 sun fi nuna alamun farkawa.

Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne melatonin, sinadarin da ke fara hauhawa awa 2 zuwa 3 kafin lokacin barci. Ana ɗibar yawu duk minti 30 ko 60 tun daga yamma, a ɗaki mai dishi-dishin haske, domin ko hasken waya na iya danne shi. Wanda bai cikin hayyacinsa kuwa, fitsarin robar da aka sa masa ake tarawa kashi-kashi na awa 24 zuwa 48. Maganin propranolol, da akan bai wa masu irin wannan rauni, yana rage melatonin, saboda haka a gaya wa mai gwajin duk magungunan da yake sha.

Gwajin melatonin yana da tsada, ba kowane asibiti ke yin sa ba. Kafin nan ki samu takarda, ki raba kowace rana gida 24, ki riƙa cike gidan duk awar da ya yi barci, har mako 2. Da safe a buɗe masa tagogi, da dare a kashe fitila. Ki kai wa likitansa takardar, kuma kada a ba shi maganin barci sai da izininsa.