Na sayi keken kishingiɗa amma ya ƙi ni, in kai shi walda ne ko in sayar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina hawan keke don nishaɗi da motsa jiki, amma shekara biyun nan da zarar na wuce awa ɗaya a kan sirdi sai wuya da tsintsiyar hannu su dame ni, mazaunai kuwa ba a magana. Shi ne na sayi irin keken nan da ake tuƙawa a kishingiɗe, na hannu ne, mai ƙafa biyu, fedarsa tana can gaba har ta wuce tayar gaba, tayar gaban ƙarama ta baya babba, jikinsa na alminiyom. Yau sati uku kenan tashi ma da ƙyar nake yi sai tangaɗi, in na zo hawa kamar ana ja na ta baya, ga gwiwata ta fara ciwo ta gaba. Ina tunanin kai shi wajen mai walda ya yanke bututun gaban da feda take kai ya ƙara masa tsawo. Wani abokina kuma ya ce da keken kirki ne ai da an gan shi a manyan tsere. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai don Allah kar ka bari wutar walda ta taɓa keken nan. Alminiyom ɗin da ake yin firam da shi bayan an gama haɗawa a masana'anta sai an sake gasa shi a wani murhu na musamman kafin ya samu ƙarfinsa, in aka zo daga baya aka sa masa wuta wajen ya yi laushi kenan, kuma ido ba zai nuna maka ba, sai ranar da ka danna feda da ƙarfi ya tsage. Shi kuma bututun gaban nan shi ke ɗauke da duk ƙarfin ƙafarka. Abin ma da zai faranta maka rai, ba ka buƙatar waldar sam. Durƙusa ka duba ƙarƙashin bututun, kusan duk irin waɗannan kekunan bututu biyu ne ɗaya a cikin ɗaya, da noti guda biyu da suka matse su. Ka sassauta su da alanki sai na cikin ya zamo waje ko ciki yadda kake so. Galibi akwai ɗan layi a jikinsa da ke nuna iyakar da za a iya fito da shi, kar ka wuce wannan layin.

Ciwon gwiwar da ka ce ta gaba yake, yawanci alama ce feda ta yi maka kusa, wato tsohon mai keken ya fi ka gajeriyar ƙafa, kenan tunaninka na ƙara tsawo daidai ne, hanyar ce kawai ba ita ba. In da a bayan gwiwa kake jin ja to feda ta yi nisa. Yadda ake gwadawa shi ne ka zauna ka jingina bayanka sosai a kujera da takalmin da kake hawa da shi, wani ya riƙe maka keken, ka ɗora dunduniyarka a kan feda ka juya ta zuwa inda ta fi nisa. A nan ya kamata ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya zame daga kujera ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda sai ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne wajen. Daga nan gyara sai kaɗan kaɗan, rabin santimita ma gwiwa tana jin bambancinsa. Ni in na samu wajen da ya yi min sai in zagaye bututun da salatif, don ko an sake kwancewa in san inda zan mayar. Kafin ka ɗaure notin ka tsaya ta gaba ka duba farantin sarƙa ya tsaya a miƙe bai karkace gefe ba.

Abin da mutane suke mantawa kuma ya jawo musu asara shi ne sarƙa. Sarƙar irin wannan keke ta kai ta keken yau da kullum biyu da rabi zuwa uku a tsawo, kuma zuwa take ta dawo, saboda haka in ka fito da bututu santimita 2.5 sarƙa tana neman ƙarin kusan santimita 5. In ba ka ƙara ba, ranar da ka sa babban faranti a gaba da babbar giya a baya sarƙar za ta fizge na'urar canja giyar ta lanƙwasa ta, wani lokacin har ta cusa ta cikin taya. Ka ƙara da sarƙa iri ɗaya da wadda ke kai, ka gwada duk giyoyin a tsaye kana juya feda da hannu kafin ka hau.

Sai maganar tangaɗi. Wannan kowa sai da ya yi shi, wanda ya shekara talatin a keke ma ranar farko sabon shiga yake komawa, don jikinka ya saba daidaita kansa da kafaɗa da ƙugu yana a sama, yanzu kuma bayanka a manne yake da kujera, aikin ya koma hannu, kuma ɗan taɓi kaɗan yake so. Na sha tsayawa kusa da sabon mahayi ina kallon hannunsa, zaka ga jijiyoyi sun tashi ya damƙe kan keken kamar za a ƙwace masa, ya ɗago bayansa daga kujera, idonsa a kan feda. Ukun nan su ne tangaɗin. Ka nemi fili mai ɗan gangara kaɗan inda ba motoci, ka bar ƙafafunka a ƙasa suna shara ka bar keken ya gangara da kai sau biyar sau goma ba feda, har sai ka ji kafaɗunka sun saki. Bayan nan sai tashi: riƙe birki, giya mai sauƙi amma ba ta ƙarshe ba, ka kawo fedar ƙafarka mai ƙarfi can sama ta ɗan karkato wajenka, ka kwantar da bayanka gaba ɗaya, ka kalli wani abu can nesa, sannan ka saki birki ka tura da gaske turi ɗaya, ɗayar ƙafar kar ka yi gaggawar neman feda da ita, za ta samu. Kan keken kuwa riƙon ƙwai zaka yi masa, ba a jan sa. Kuma ka sa wa ranka duk inda zaka tsaya sai ka fara sauko da giya, don a nan ba halin miƙewa ka taka feda da nauyinka in ka tsaya a giya mai nauyi. Wani abu kuma na irin naka mai feda a gaban taya, in ka sha kwana mai tsanani a hankali dunduniya tana iya bugun tayar gaba, to a irin wannan kwanar ka dakatar da feda ka ajiye ta inda dunduniya ta yi nesa da taya.

Hawa kam ba zan ɓoye maka ba, a nan keken kishingiɗa ya fi rauni. Yawancinsu sun fi keken tsere nauyi, ba ka iya miƙewa, kuma tsokar da ke aiki ta ɗan bambanta, bayan cinya da mazaunai suna shan aikin da ba su saba ba, sai an yi makonni har watanni ana hawa kafin ƙafa ta zama ta wannan keke, sati uku ai yanzu ka fara. Haɗarin yana wajen kujerar, tunda kana da abin tokarawa a baya zaka iya danna feda da ƙarfin da ya fi nauyin jikinka, daɗi zaka ji a lokacin, gwiwa ce take biya daga baya. Ina da yaƙinin rabin ciwon naka daga nan yake. Ka sauko giya ka riƙa juya ƙafa da sauri da sauƙi, kamar zagaye 80 zuwa 90 a minti ɗaya, ko da kana ganin tafiyar ba ta sauri. In giyoyin sun ƙare maka tun hawan bai ƙare ba, to ga gyara na gaskiya da ya cancanci kuɗinka: ƙaramin faranti a gaba, ko jerin giyar baya mai babba da ya kai haƙora 34 ko 36 in na'urar canja giyarka za ta ɗauka. Masu wannan keke da yawa kuma suna canja hannun feda daga milimita 170 ko 175 zuwa gajere kamar 155, gwiwa ba ta naɗewa sosai zuwa ƙirji kuma juyawa da sauri ta fi sauƙi. Amma wannan ka bar shi sai ka daidaita tsawo ka yi wata biyu kana hawa tukuna, kuma duk gyaran da zaka yi ɗaya bayan ɗaya, in ka canja uku rana ɗaya bazaka san wanne ya taimaka wanne ya ɓata ba.

Shi kuma abokinka ka ba shi wannan labari, don ni duk lokacin da na tuna shi sai na ji abin ya taɓa ni. Wani Bafaranshe Charles Mochet ya ƙera keken kishingiɗa, ya ba wani ɗan tsere Francis Faure wanda ba ya cikin manyan gwanayen zamaninsa. Ranar 7 ga Yuli 1933 a Paris, Faure ya yi kilomita 45.055 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin Oscar Egg na kilomita 44.247 da yake tsaye tun 1914. Me ya biyo baya? A 1934 hukumar tseren keke ta duniya UCI ta sake fayyace abin da ake kira keke ta yadda na kishingiɗa ya faɗo waje, aka hana shi shiga tserenta, har yau kuma haka abin yake. Kaga kenan gudun da ya yi ne ya sa aka fitar da shi. Dalilin gudun kuwa iska ce, a shimfiɗaɗɗiyar hanya in gudu ya yi gudu yawancin ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya, wanda ke kishingiɗe kuma faɗin jikin da yake tarar iska da shi kaɗan ne. A Battle Mountain da ke jihar Nevada ta Amurka, inda masu wannan harka suke taruwa gwada gudu, Todd Reichert ya kai kilomita 144.17 a awa a 2016, a cikin keken kishingiɗa da aka rufe ruf da ƙoƙo mai santsi. Naka ba zai yi kusa da haka ba mana, amma ranar da iska ta taso muku ta gaba kai da abokin naka zaka ga bambancin da idonka.

Abin da nake so ka saya tun kafin ka fita titi shi ne madubi, wannan ba ado bane, a kishingiɗe waiwaye yana da wuya ƙwarai. Sai fitila mai walƙiya gaba da baya ko da rana, da tuta a kan dogon sanda in kujerarka ƙasa take sosai, da hular kwano. Direban da ke bayanka yawanci yana ganinka don abin baƙo ne a idonsa, inda na fi jin tsoro shi ne mahaɗar hanya da bayan motocin da aka faka, kanka yana ƙasa kuma ƙafafunka ke riga idonka fita, a nan sai ka rage gudu ka ɗago ka leƙa. Ramuka ma ka hango su tun daga nesa tunda ba ka iya ɗaga jiki daga kujera, duk abin da taya ta taka bayanka zai ji, taya mai ɗan faɗi wadda ba a cika mata iska tam ba tana rage wannan sosai.

Zai yiwu nan gaba ka ji yatsun ƙafa suna sagewa in tafiya ta yi nisa, saboda ƙafa tana sama, sassauta igiyar takalmi da matso da feda zuwa tsakiyar tafin ƙafa suna taimakawa, in kuma mazaunai suka fara zafi ka ɗan ƙara kwantar da kujera don baya ya karɓi nauyin. In har bayan wata biyu ko uku tangaɗin ya ƙi ƙarewa akwai mai ƙafa uku, biyu a gaba ɗaya a baya, irin waɗanda kamfanonin ICE da Catrike da HP Velotechnik suke yi, shi ba ruwansa da daidaito ko a tsakiyar hawa ka tsaya ka huta ka ci gaba, sai dai shi kuma dole ƙafa ta kasance a maƙale da feda don in ta zame ƙasa ana cikin gudu keken yana iya hawa kanta. Amma ban ga alamar ka kai nan ba. Gwiwar dai ka huta mata kwana uku ko huɗu, ka gyara tsawon, ka koma da gajerun tafiye-tafiye a giya mai sauƙi, in ta kumbura ko ciwon ya ci gaba ko ba ka kan keke to ka ga likita kar ka jira. In ka gwada ka sake rubuto min ka faɗa min santimita nawa ka fito da bututun da kuma haƙora nawa ne a babbar giyarka ta baya, daga nan sai mu ga ko akwai buƙatar taɓa giyoyin. Allah ya ƙara lafiya.