Maigidana na ƙona zaiba a tsakar gida, madara za ta kare mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana aikin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a wajen Manso a ƙasar Gana. In ya dawo gida Aboabo a Kumasi, a tsakar gida yake ƙona curin zaiba don ya fitar da zinariya. Ina da juna biyu. Ya ce in dai mun sha madarar gwangwani bayan ƙonawa, ba komai. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Daga yau kada a sake kunna wutar nan a gidan da kike kwana.

Wannan zancen madarar ya ishe ni, kullum sai na ji shi a bakin masu haƙar zinariya. Madara ciki take shiga, tururin zaiba kuwa huhu yake shiga. Kusan kashi 80 cikin ɗari na wanda aka shaƙa yana wucewa cikin jini, daga nan ya nufi ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya ratsa mahaifa ya iske ɗan da ke ciki. A ina madarar za ta tare shi? Ko katon guda kuka shanye, ba su haɗa hanya ba. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi, shi ya sa ake raina shi. Bayan wuta ta mutu ma yana nan laƙe a bango da tabarma da tufafi, yana ci gaba da tashi a hankali. Sai bayan watanni mutum ya ga hannunsa na rawa, mantuwa ta yi yawa, barci ya ƙi, fushi ba dalili. Daga nan a ce sammu ne, a tafi wurin mai jiƙo a lasifika, ya karɓi sidi masu yawa ya ba da abin “wanke guba”. Gudawa kawai zai sa shi. Mutumin da bai taɓa auna fitsarin kowa ba, da me ya san ya wanke?

Mun ga yadda sarrafa dutsen zinariya a cikin gida ya ƙare a Zamfara a 2010: gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Gana ta shiga yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba tun 2017, amma har yau ana sayenta hannu da hannu kamar gishiri.

Kifin kogunan Offin da Pra da Oda na wuraren da injin haƙar zinariya na changfan ke aiki, ki bar shi sai kin haihu kin yaye, don soyi da banda ba sa fitar da zaibar da ta shiga tsoka. Ruwan kogin kuma, alif laka kawai yake kwantarwa, tafasawa ba ta cire guba.

Ranar awo ki faɗa wa ungozoma aikin maigidan ƙarara, ki nemi a tura ku gwajin fitsari, har da yaran gidan. Shi kuma ya nemi tukunyar ƙonawa mai murfi wadda ke kama tururin, ya yi aikinsa can nesa da gari, ya bar kayan aikin a can.