Fayil na sauka da sunan download.php, in sayi plugin ne ko in canza hosting?

Tambaya: Salam malam, na haɗa wa wata makaranta shafin da iyaye ke sauke sakamakon yaransu, to kowa ya danna sai fayil ɗin ya zo da suna download.php, wasu ma wayarsu ta ƙi buɗe shi. Wani ya ce in sayi plugin, wani ya ce hosting ɗin ne. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, don Allah riƙe kuɗinka, babu ko ɗaya da za ka saya. Burauza ce ba a faɗa mata suna ba, shi ya sa ta ɗauki abin da ta gani a ƙarshen link ɗin ta liƙa wa fayil ɗin, ita kuwa waya ina za ta san yadda ake buɗe .php? A PHP ɗinka kafin readfile, wato umarnin da ke aika fayil ɗin, ka sa layi biyun nan:

header('Content-Type: application/pdf');
header('Content-Disposition: attachment; filename="sakamakon dalibai.pdf"');

Kar ka cire alamomin zancen da ke kewaye da sunan, in akwai tazara a ciki wata burauzar sai ta yanke shi a kalmar farko. Kuma kar komai ya fita kafin header, ko da layi ɗaya ne fanko a saman <?php, nan take zai yi maka ƙorafin headers already sent kuma sunan ba zai tafi ba.

Sai abin da ya fi damuna, haruffanmu masu lanƙwasa. filename na gargajiya ba a yi shi don ƙ, ɗ, ɓ ba, in ka cusa su haka sai ka ga kalmar "ɗalibai" ta koma wasu alamomi marasa kan gado, kuma ba daɗi uba ya sauke takardar ɗansa ya tarar an ɓata sunan yaron. Tun 2011 ƙa'idar RFC 6266 ta fayyace filename* mai tauraro, sai ka aika duka biyun a layin Content-Disposition ɗin:

filename="sakamakon dalibai.pdf"; filename*=UTF-8''sakamakon%20%C9%97alibai.pdf

Wannan %C9%97 ɗin shi ne ɗ. Ba da hannu za ka riƙa rubutawa ba, umarnin rawurlencode na PHP zai yi maka, amma banda urlencode don shi yana mai da tazara alamar +. Sabbin burauza kamar Chrome da Firefox mai tauraron suke ɗauka, tsofaffi su koma na farko. In ka gama ka gwada a waya ma, ba kwamfuta kaɗai ba, tunda da ita yawancin iyayen za su sauke.