An ce za a sare gandun dajin garinmu a gina shaguna: takardar mallaka ta rufe bakinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani gari na Arewa maso Yamma. A gabashin garinmu akwai gandun daji na gwamnati da muka buɗe ido muka tarar, yawancinsa darbejiya da turare da 'yan kukoki. Watanni biyu da suka wuce muka ga safiyo suna awo, sai kuma aka kafa allo cewa wani kamfani zai gina rukunin shaguna da gidan mai da wurin ajiye manyan motoci. Wakilin kamfanin ya nuna wa mai unguwa takardar mallaka mai sa hannun gwamna, ya ce magana ta ƙare. Jama'a ba su yarda ba, har matasa na cewa za su tare katafila. Shin akwai abin da ya rage mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Magana ba ta ƙare ba, amma ku sani cewa irin wannan rigima a kan takarda ake cinta, kuma kafin a zuba harsashin gini. Saboda haka abin da zan fi matsa muku a kai shi ne ku yi hanzari, domin wata biyu sun riga sun tafi.

Ƙarfin wakilin kamfanin daga Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya fito, wadda ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon bayar da haƙƙin mallaka. Sai dai sashe na farko na wannan doka bai ce ƙasar ta gwamna ce ba. Ya ce amana ce a hannunsa, zai riƙe ta domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Sannan gandun daji yana da wata doka ta daban da ke kansa. Yawancin jihohinmu sun gaji dokar daji ta tsohuwar Jihar Arewa, kuma a tsarinta ba a mayar da wuri gandun daji da baki: ana yin awo, a kafa turakun siminti a kan iyaka, a buga umarni a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki da sanarwarta a ciki. Yadda aka shigar da wuri ta gazet, haka ake fitar da shi, ko dukkansa ko wani yanki nasa. Tambayar farko da za ku yi ke nan: ina sanarwar da ta cire wannan yanki daga gandun daji, a wane gazet, a wace rana? Idan babu ita, ko kuma an buga ta ne bayan an riga an bayar da takardar mallakar, to lauyanku ya sami abin kamawa mai ƙarfi.

Na taɓa bin sawun irin wannan umarni a wani ofishin gandun daji. Wani dattijon ma'aikaci ne ya zaro mini fayil ɗin daga ƙasan kabad, gara ta ci gefensa, taswirar ta koɗe, amma lambobin turakun iyaka suna nan raɗau. Abin da ya fi burge ni shi ne shafin da aka lissafa haƙƙoƙin da aka bar wa mutanen ƙauyukan kewaye tun lokacin da aka killace dajin: ɗiban busasshen itace, tsinkar 'ya'yan itatuwa, da bin hanyoyin da suka ratsa ta ciki. Ku nemi wannan shafi a umarnin naku dajin, domin idan sunan garinku yana ciki, ba 'yan kallo ba ne ku, masu haƙƙi ne da gwamnati ta rubuta da hannunta. Kada ku raina tsofaffin malaman daji da suka yi ritaya. Sau da yawa sun fi fayil sanin inda kowane turke yake.

Takardar mallaka kuma ba izinin gini ba ce. Kamfanin yana bukatar amincewar hukumar tsara birane ta jiha a kan zanen ginin da kuma sauya amfanin filin daga daji zuwa kasuwanci, gidan mai kuma yana da nasa lasisin daga hukumar man fetur ta tarayya. Akwai kuma dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta bincike kafin a fara aikin da zai iya yi wa muhalli babbar illa, kuma a tsarin da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke bi, ana baje rahoton binciken na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su rubuta ƙorafi. Idan ba wanda ya ga wannan rahoto a sakatariyar ƙaramar hukumarku, ku tambaya a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan hukumomin jihohi ma. Ku kai wasiƙa kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku koma da ita gida.

Za a iya ce muku ba ku da hurumin shigar da ƙara tunda filin ba naku ba ne. Wannan hujja ta yi rauni tun 2018, lokacin da Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiya mai sa ido kan gurɓatar mai ta ci gaba da ƙarar da ta kai NNPC, duk da cewa ba a gonarta man ya malala ba. Duk da haka ku sa mutanen da abin zai shafa kai tsaye a gaba, wato maƙwabtan dajin da ruwan damina zai koma wa gidajensu idan aka shafe ƙasar da siminti. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku na shigar da ƙara; tana da togaciya, amma kada ku dogara da ita, ku ga lauya a cikin makon nan, ya nemi umarnin kotu na dakatar da aiki.

Dalilin da ya sa nake nanata gaggawa, abin da ya faru a Kano ya ishe mu misali. An yanka shaguna a Filin Idi na Ƙofar Mata, mutane suka yi ta guna-guni, gini ya tashi, 'yan kasuwa suka zuba dukiyarsu. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su, a watan Satumba kuma Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. 'Yan kasuwa sun yi asara, baitulmali ya biya. Kuma can fili ne, ana kwashe ɓaraguzai ya dawo. Ku itatuwa gare ku, kukar da aka kayar yau jikokinku ma ba za su ga kamarta a wurin ba.

Game da matasan da ke son tare katafila, ku lallashe su. Ina jin zafin da suke ji, amma ranar da aka fasa gilashin mota ɗaya, ranar maganar za ta tashi daga ta daji ta koma ta 'yan sanda. Ku ba su aikin da ya fi wannan amfani: su zagaya iyakar dajin da waya, su ɗauki hoton kowane turke da lambarsa, su ƙirga manyan itatuwa, su ɗauki hoton inda ruwa ke kwanciya da damina. Turaku kan ɓace cikin dare idan aka fara irin wannan aiki.

Akwai kuma abin da ya kamata ku duba a cikin gida. A Yamai an fara dasa zoben itatuwa a gefen birnin a 1965, kimanin hekta 2,500, galibi darbejiya, domin tare ƙura da iska. Ba kamfani ɗaya ne ya cinye babban ɓangarensa ba. Fuloti-fuloti aka yi ta yankawa, ga magadan masu gonakin asali da suke ganin ba a sallame su ba, ga masu zuba shara. Idan a cikinku akwai masu yanka awon igiya a gefen dajin, ko masu sara da dare, kamfanin zai nuna hotonsu ya ce dajin ai ya riga ya mutu. Ku fara da tsawata wa naku, kuma ku shigo da hakimi da limamai da matan da ke tsintar itace da makiyayan da ke ratsawa, kada ta zama maganar 'yan boko kaɗai.

Masu goyon bayan aikin za su ce gari na bukatar shaguna da aikin yi, kuma gaskiya suka faɗa. Kada ku musa. Ku je wurin hukuma da sunan wani fili a bakin titi wanda ba daji ba, wanda zai ɗauki wannan aiki, ku rubuta shi a cikin takardar koken da za ku kai wa gwamna da majalisar dokokin jiha, tare da kwafin gazet ɗin da hotunan turakun.