Ga ƙanwata da aka ce sai ta faɗi wanda zai ci Iowa

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun daren jiya da na karanta tambayarki raina bai kwanta ba, domin ramin da kike tsaye a bakinsa ni na riga na faɗa cikinsa shekara 8 da suka wuce. Kin ce shugaban sashenku ya ɗora miki faɗin wanda zai ci taron kokas (taron da 'yan jam'iyya ke haɗuwa su zaɓi wanda suke so ya tsaya musu takarar shugaban ƙasa) na jam'iyyar Rifablikan a jihar Iowa ta Amurka gobe Litinin, 15 ga Janairun 2024, da wanda zai zo na biyu, kuma abin da ke hannunki shi ne ƙuri'ar jin ra'ayin da jaridar Des Moines Register ta fitar ranar Asabar: Trump kashi 48, Nikki Haley 20, Ron DeSantis 16. Kina so ki san ko ki dogara da ita ki kira suna.

Ni a Des Moines, babban birnin jihar, nake zaune, kuma irin wannan takardar ce ta ja mini abin da har yau in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwarona.

A 2016 wani gidan rediyo na gida yana kirana lokaci zuwa lokaci, in sun tashi batun Amurka. Ba kwabo suke biyana ba, ni dai ina jin daɗin a ji muryata a garinmu, mahaifina kuma yana alfahari da abin. Ana saura kwana biyu kokas ɗin 1 ga Fabrairu, wannan jaridar dai ta fitar da alƙalumanta na ƙarshe: Trump 28, Ted Cruz 23. Matar da ke haɗa musu ƙuri'ar, Ann Selzer, ba a wasa da aikinta a jihar nan, ita ce ta hango nasarar Obama a 2008 lokacin da mutane da yawa ke ganin ta yi kuskure. Da mai gabatar da shirin ya kira ni, na kwashe kusan minti goma ina masa bayani. Na ce Trump ne a gaba, amma Cruz yana da mutane a ƙasa, yana da coci-coci, ya kusa gama zagaye gundumomi 99 na jihar, kuma Trump ya ƙi zuwa muhawarar ƙarshe. Ya ce, "Malam, masu sauraro ba dogon turanci suke so ba, suna ɗaya za ka ba mu." Na sake bayani. Ya sake matsa mini. A karo na uku na ce to, in dole ne sai na kira suna, Trump.

Wannan jimlar kaɗai ya saka a shirin. Duk sharaɗin da na gindaya ya yanke shi ya zubar, har "in dole ne" ɗin ma bai bari ba.

Cruz ya ci da kashi 27.6, Trump ya samu 24.3, Marco Rubio ya biyo shi a wuya da 23.1. Ina zaune a falo ina kallon alƙaluma suna shigowa, shayin da matata ta kawo mini ya huce ban taɓa shi ba. Ban yi barci ba a daren. Amma faɗuwar hasashen ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Washegari mutumin nan ya sake sako muryata a iska, ba sau ɗaya ba, ya bi ta da dariya, ya ce ga masanin namu na Amurka da ke zaune a cikin garin amma bai san abin da maƙwabtansa za su yi ba. Ya buɗe layi mutane suka riƙa kira suna tofa albarkacin bakinsu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a ƙofar gida da abokansa da rediyo a gabansu, duk a kunnensu. Da na kira shi bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka riƙa faɗin abin da ka sani." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, domin abin da na sani na faɗa, wani ne ya datse shi. Na kira mai shirin har sau huɗu ina roƙon ya saka cikakkiyar hirar ko da sau ɗaya ne, bai ɗauka ba. Daga baya ya aiko da saƙo wai wasa ne, kada in ɗauka da zafi. Mutuncin mutum a gaban ubansa ne wasa? Ban sake magana da gidan ba, kuma shekarar da na je gida har a wurin ɗaurin aure sai da wani ya tuna mini.

Don haka kafin komai, ki naɗi muryarki da wayarki duk lokacin da za ki yi magana, ko a ɗakin watsa shiri ne. In kai tsaye ne ya fi. In naɗa za a yi, ki tsaya a kan mai tacewa har ya gama.

Abin da ya kayar da ni, wanda sai daga baya na gane shi sosai, shi ne kokas ba zaɓen da muka saba ba ne, inda rumfa ke buɗe tun safe kowa ya je lokacin da ya ga dama. Ƙarfe 7 na dare ake farawa, a makarantu da coci-coci da ɗakunan taro, mazaɓu sama da 1,600. Dole ka zo da ƙafarka, ka zauna ka saurari wakilin kowane ɗan takara, sannan a raba 'yar takarda ka rubuta suna. Mai aikin dare ba zai zo ba, mai jego da ba ta da wanda za ta bar wa yara ba za ta zo ba. Saboda haka mai ƙuri'ar jin ra'ayi abu biyu yake ƙoƙarin ganowa a lokaci guda: wa mutane ke so, kuma su waye za su fito. Na biyun ne ke yaudara. A 2016 ƙuri'ar ta ɗauka Kiristoci 'yan Ibanjelika ba za su kai rabin mahalarta ba, sai ga shi sun kusa kashi biyu cikin uku. Mutum sama da 186,000 suka fito, adadin da jam'iyyar ba ta taɓa gani ba, kowa yana cewa yawan fitowa Trump zai taimaka, ashe motocin Cruz na kwaso mutane ma sun yi aiki.

Yanzu ki dubi tagata. Ranar Juma'a guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, 'yan takara suka soke taruka. Yau da asuba na fita in tayar da mota, sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, gashin hancina ya daskare kafin in kai ƙofar motar, batir kuma ya ƙi tashi sai da maƙwabcina ya zo da waya muka ja wuta daga tasa. Gobe da dare ma haka ake sa rai. A irin wannan dare wa zai bar ɗakinsa? Sai wanda abin ya shiga ransa, ko wanda aka kira sau uku aka ce ga mota nan zuwa.

Shi ya sa nake cewa ki raba tambayar gida biyu. Na ɗaya, ki faɗi Trump, ki faɗa ba tare da rawar murya ba. Ni da maciji ya sara ina tsoron tsumma, amma tazarar kashi 28 ba tazarar kashi 5 ba ce, kuma wannan karon ba kamar 2016 ba, ya shirya ƙasa. Yana da kyaftin, wato jagororin magoya bayansa, a mazaɓu, an ba su farar hula mai rubutun ruwan zinare, kowanne an ce ya kawo mutane. Abin dubawa a wurinsa shi ne ko zai haye kashi 50.

Na biyun ne tarkon. Kada ki kira Haley don kawai ta fi da kashi 4. Ki karanta cikin rahoton, ba kansa kaɗai ba. Ita Selzer da kanta ta nuna damuwa cewa yawancin masu goyon bayan Haley son nasu ba mai zafi ba ne, kuma kusan rabinsu 'yan ba-ruwanmu ne da ba su da jam'iyya ko 'yan Dimokurat, waɗanda sai sun sauya rajista a bakin ƙofa kafin su shiga. DeSantis kuwa ya taka duk gundumomi 99, gwamnar jihar Kim Reynolds tana bayansa, haka Bob Vander Plaats, jagoran 'yan Ibanjelika da ya mara wa Mike Huckabee baya a 2008, da Rick Santorum a 2012, da Cruz a 2016, kuma dukansu uku suka ci Iowa. Ban ce DeSantis zai zo na biyu ba, kada ki je ki ce wani a Des Moines ya ce. Na ce ki faɗa musu kujerar ta biyu ba ta da mai ita tukuna, ki ba da dalili. Ƙarfin Haley yana birane da kewayensu, irin gundumar Johnson inda jami'ar Iowa take, da unguwannin gefen Des Moines. In kin ga sakamakon arewa maso yamma, wajen gundumar Sioux, can ne za ki san inda masu zuwa coci suka karkata.

In shugaban naki ya ce shi dai suna yake so, ki tambaye shi ko ya san abin da ya faru a 2012. A daren aka ce Mitt Romney ya ci da ƙuri'a 8. Bayan sati biyu aka dawo aka ce Santorum ne da ƙuri'a 34. Jam'iyyar da ta shirya abin ma ba ta san wanda ya ci ba, sai ke da ke nesa da dubban mil?

Na 2020 kuwa da idona na gani, lokacin na samu takardar zama ɗan ƙasa, na je na 'yan Dimokurat a ɗakin wasannin wata makaranta. Su a lokacin kato bayan kato suke yi, kamar namu na 1993, kowa ya tsaya a kusurwar gwaninsa a ƙirga kawuna. Wanda bai kai kashi 15 ba, mutanensa su watse su nemi wani. Ina tsaye na ga wata tsohuwa da sandarta a kusurwar Biden, an ƙirga ba su kai ba. Wata yarinya daga ɓangaren Buttigieg ta zo ta durƙusa gabanta tana mata magana a hankali, ashe ɗalibarta ce ta dā. Tsohuwar ta yi shiru, ta kama hannun yarinyar, suka tsallaka ɗakin tare. Wace ƙuri'ar jin ra'ayi ce za ta hango wannan? Daga nan manhajar aika sakamako ta lalace, aka yi kwanaki ana jira, Sanders ya fi yawan mutane, Buttigieg ya ɗan fi a lissafin wakilai, kamfanin dillancin labarai na AP bai ayyana kowa ba. Biden da ya zo na huɗu shi ya zama shugaban ƙasa. Na san wannan ba shi kika tambaya ba, bana ma 'yan Dimokurat sun ɗauke farkon layin zaɓen fidda gwaninsu daga Iowa sun kai jihar South Carolina, amma abin yana raina. A 2020 ɗin har a wasu masallatai aka yi kokas, 'yan'uwanmu 'yan Sudan da Somaliya suka cika wuri, na yi ta murna kamar ranar salla.

Wani abu kuma, kada ki bari a ja ki zuwa cewa wanda ya ci Iowa ya ci tikiti. Deliget, wato wakilan da za su je babban taron jam'iyya su fitar da ɗan takara, 40 ne kacal, kuma raba su ake yi gwargwadon ƙuri'a. Huckabee da Santorum da Cruz babu wanda ya samu tikiti a cikinsu. Aikin Iowa tankaɗe ne, tana rage yawan 'yan takara, wanda ya zo na uku da rauni kuɗinsa ke fara ƙafewa kafin a je New Hampshire, jihar da ke biye da Iowa a layi.

Kuma don Allah ki gaya wa iyayenki tun yau cewa hasashe aka sa ki yi, ba duba ba. Ki faɗa musu da bakinki kafin su ji a rediyo. Ni wannan ne ban yi ba, kuma mahaifina ya rasu ban taɓa samun damar sa masa cikakkiyar hirar nan ya ji ba, domin ba ni da ita. Har yanzu ina tunanin da na naɗa.

Ƙarfe 7 na nan ƙarfe 2 na daren Talata ne a wurinku. In motata ta tashi zan je makarantar da ke unguwarmu in tsaya a matsayin ɗan kallo, in ƙirga motocin da ke wurin ajiye mota, in ga ko ɗakin ya cika ko kujeru sun yi saura. Ki bar wayarki a kunne, zan turo miki saƙon murya da zarar an rufe ƙofa.